Wane Batir Ne Ya Dace Da Hanyar Gobir?

 Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin gero da wake, mu taɓa wani abu wanda ba a auna shi da tiya, amma ran da ya ƙi, ko buhu guda ba ya barin Tsamaye. Watau batirin mota.

Abin da ya jawo maganar kuwa ga shi. Da hunturun da ya wuce munka yi lodin albasa a wata Kanta tun da dare, da niyyar a yi sallar asuba a kama hanya tare da sauran motoci, don yanzu ba wanda ke so ya bi hanya shi kaɗai. Gari ya waye, kowa ya tada motarsa, direbanmu ya murza makulli, sai munka ji ƙyat, ƙyat, sa'an nan shiru. Ya sake, shiru. Abokan tafiya sunka ɗan jira, da sunka ga abin ba na ƙarewa ba ne sunka yi mana sai kun iso. Kanta da lodi cikin rairayi kuwa, ko samarin unguwa duka sunka taru ba su tura ta. Kafin a samo aron batir rana ta take, mun isa kasuwa manyan masu saye sun riga sun cika motocinsu, dole munka sayar yadda ta kama. Abin haushin, batirin nan watansa huɗu kacal a jikin motar, ga shi ƙato, ga ƙyalli. Mai motar sai faɗi yake, "To mi yas same shi? Wanga fa shi na babba duk cikin shagon!"

Da rewaya ya duba, sai ga abu biyu. Lambar da ke jikin batirin ta nuna ya fi shekara a ajiye kafin a saye shi. Na biyu, ashe yaron mota ya mai da shi wurin cajin wayoyin 'yan lodi, kullum dare, inji a kashe. Ba mai shago kaɗai ke da laifi ba, kuma ba yaro kaɗai ba. Rashin sanin kan kaya ne, mu kuwa da ke cin abinci da motocin nan bai kamata a ce mun san albasar da za ta yi ajiya da wadda ba za ta yi ba, amma batir sai mu saya da ka.

Balle ma halin da hanyoyinmu ke ciki. Wanda duk ya ji abin da ya sami matafiyan nan a Gidan Bawa cikin watan Disamba na 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Motar da ta ƙi tashi a tasha hasarar kuɗi ce, a yi haƙuri gobe a sake. Wadda ta mutu tsakanin Isa da Shinkafi da la'asar sakaliya, wannan wani zance ne dabam.

To bari mu fara da kawar da wani kuskure da ya zama ruwan dare a tasha. Sau da yawa za ka ji direba na cewa tun da ya sa babban batir motarsa ta ƙara gudu, ko ta ƙara jan kaya. Ba haka ba ne. Batir bai ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Aikinsa na 'yan daƙiƙu ne: ya zuba wa kik wuta mai yawa a lokaci guda, kik ya juya inji, inji ya kama. Da zarar ya kama, altaneto ne ke ɗaukar nauyin fitila da fulogi da famfon mai, kuma shi ke mayar wa batir abin da ya ranta. Saboda haka batir lafiyayye mai am 60 da lafiyayye mai am 100, in mota ta riga ta tashi, tafiyarsu ɗaya ce.

Amma fa direban nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Batir mai kyau ba ya ƙara komai, marar kyau ne ke ragewa, shi ya sa in an canja sai a ji kamar an sami ƙari. Batirin da ya gaji kullum yunwa yake ji, altaneto na ta ɗura masa ba ya ƙoshi, altaneton ya yi zafi, fambel ya yi ta kuka, wata rana ya ƙone. Kik kuma in yana juyawa a hankali zafi yake ɗauka, sai ka ga an sayi kik sau biyu alhali ciwon na batir ne. Injin gas ya fi kowa jin jiki, don shi ba fulogi gare shi ba, matsar iska ce ke kawo zafin da man zai kama, in ba a juya shi da sauri ba ko an kwana ana murzawa ba ya tashi. Motocin zamani masu injekta su kuma ƙwaƙwalwa gare su, in wuta ta faɗi ƙasa ainun sa'ad da ake tadawa sai ƙwaƙwalwar ta rikice, fitilun gaban direba su yi ta walƙiya. Sa'an nan ga babbar ɓarnar da ba a lissafawa: direban da bai amince da batirinsa ba ba ya kashe mota. A wurin lodi tana silo, a shingen jami'ai tana silo, ya shiga masallaci tana silo. Da can ana iya kau da kai, amma tun ran 29 ga Mayu 2023 da anka janye tallafin fetur, man da ake ƙonawa haka a banza cikin 'yan watanni ya isa ya sayi sabon batir.

Shi batirin nan tsohon abu ne. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago shi a 1859, dalma cikin ruwan asid, har yau kuwa asalin bai sake ba. Kik na lantarki ya fara fitowa a motar Cadillac a Amurka cikin 1912, kafin nan da hannu ake juya inji, kuma dattawanmu sun ga tsofaffin motocin da yaron mota ke tadawa da handul. A ciki ɗaki shida ne, kowane na ba da bolt 2 da 'yan kai, in an haɗa ya zama abin da muke kira bolt 12. Zamanin da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, a-kori-kura 404 da 504 sunka cika hanyoyin ƙasar Hausa, akwai masana'antar batir a Ibadan mai yin Exide, ta kuwa daɗe da rufewa. Daga baya Cletus Ibeto ya kafa tasa a Nnewi wajen ƙarshen shekarun 1980. Mafi yawan abin da ke kan kanta a shagunan Sakkwato da Kano da Maraɗi dai daga waje ake shigo da shi, Koriya da Indiya da Sin, shi ya sa duk ran da Naira ta yi tari sai batir ya yi zazzaɓi.

Iri na farko shi ne wanda munka tashi munka gani, mai ruwa, mai murfi shida a ka. Mutane sun fara raina shi, wai na da ne. Ni kuwa ina ganin a ƙasa irin tamu har yanzu ba a yi wanda ya kada shi ba, muddin mai shi zai kula da shi. Dalili shi ne zafi. Batir in yana caji ruwan cikinsa raguwa yake, in ana zafi kuma raguwar ta ninka. A Afrilu nan ƙasar Gobir zafin inuwa kan haura digiri 40, to ina ga cikin bonet kusa da inji? Mai murfi, in ruwansa ya ja baya ka buɗe ka ƙara, ya koma aiki. Kuma ya fi jure a tatse shi a sake cikawa, abin da ke faruwa da motar ƙauye kullum. Aibinsa guda, yana son ido. Duk sati biyu da bazara a leƙa, ruwa ya rufe farantan dalmar da kamar faɗin yatsa. In anka bar su sunka bushe a sama, wurin da ya bushe ya mutu ke nan, ba ya dawowa.

Nan ne kuma ake kashe shi da gangan ba a sani ba. Abin da ke tashi ya bar batir ruwa ne zalla, asid ɗin na nan bai je ko'ina ba. Saboda haka abin da ake ƙarawa tataccen farin ruwa ne, ba asid ba. Wanda ya ƙara asid zai ji mota ta tashi da ƙarfi kwana biyu, ya yi ta murna, alhali farantan ne ke ci. Ruwan rijiya ma bai yi ba, don ruwanmu da gishiri da kanwa-kanwa a ciki, haka ruwan leda. In an rasa tatacce, gara ruwan sama da anka tara a roba mai tsabta a tsakar fili, ba wanda ya biyo kwano da indararo ba.

Cikin dangin mai murfi akwai wanda ake kawowa busasshe, ba ruwa a ciki, sai ran da ka saya a zuba masa asid a gabanka. Ga ɗan kasuwar da ke nesa da birni wanga shi ne mai daɗin ajiya, don muddin ba a fasa hatiminsa ba yana iya daɗewa a shago bai lalace ba, kwanansa na fara ƙirguwa ne daga ran da ya sha ruwa. Sharaɗin dai, in an zuba a bar shi ya huta kamar rabin sa'a ya jiƙa, a ɗora shi a caji ya cika, sa'an nan a sa a mota. Masu gaggawa da ke zubawa su ɗaura nan take suna rage masa kwana tun ranar suna.

Iri na biyu shi ne rufaffe, wanda ya cika kasuwa yanzu, mai ɗan ido a sama, ana ce masa ba ruwanka da ƙara ruwa. Shi ma mai ruwa ne, kada a ruɗe ka da sunan busasshe da wasu masu shago ke ba shi. Bambancin, an gauraya dalmarsa da kalsiyam, sai ya zama ba ya shan ruwa da yawa, kuma in an ajiye mota ba ya saurin sauka. Ga ƙaramar motar haya irin Golf da Sharon mai zirga-zirga kullum tsakanin Sabon Birni da Sakkwato, wadda cajinta ke daidai, ba shi da laifi ko kaɗan, ya ma fi, don ba ya zubar da asid ya cinye mazauninsa, kuma direban da ba ya tuna duba ruwa ya huta.

Sai dai yana da hali biyu da ya kamata mai saye ya sani. Ba ya yafe tatsa. In anka bar fitila a kunne ya kwana ya mutu murus, sau ɗaya, sau biyu, to ko an cika shi ba ya komawa yadda yake. Irinsa ne ya kunyata mu da albasa. Hali na biyu, in altaneto na ba da wuta fiye da kima, kamar yadda tsofaffin motoci kan yi in abin daidaita cajinsu ya lalace, ruwansa zai ƙone a hankali, kai kuwa ba ka da ƙofar ƙara masa. Sai dai wata rana ka ga cikinsa ya kumbura, ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Shi kuma idon nan kore da ake nuna maka a shago, ɗaki ɗaya kaɗai yake leƙawa cikin shida. Biyar na iya zama lafiya ɗaya ya mutu, ido na nan kore shar, mota kuwa ba ta tashi. Kuma tun da da ruwansa ya baro masana'anta, tsufansa ya fara tun yana cikin jirgin ruwa. Ya sauka Ikko ko Kwatano, ya hau tirela, ya zauna a sito, ya zo ya zauna a shagon kwano cikin zafin bazara. Masu ajiye kaya da yawa don jiran tashin farashi, kamar yadda anka yi sa'ad da anka rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, su lura: batir rufaffe ba gero ba ne, ajiya ba ta ƙara masa daraja.

Iri na uku, za ka ga an rubuta AGM a jikinsa. Shi ruwansa ba ya yawo, an tsotse shi cikin wata auduga ta gilashi an matse tsakanin farantai. Ko an karkata shi ba ya zuba, yana jure gargada ƙwarai, yana ba da wuta da ƙarfi, yana kuma saurin karɓar caji. In don hanyarmu ce kawai da sai mu ce shi ne sarki. Amma tsada gare shi, kuma ba ya shiri da zafi da cajin da ya wuce kima, shi ya sa masu ƙera mota da yawa ke ɓoye shi a but ko ƙarƙashin kujera, nesa da inji. An yi shi ne musamman don motocin Turai na baya-bayan nan masu kashe kansu in an tsaya su tada kansu in an saki birki. Akwai ƙanensa EFB, mai ruwa ne da anka ƙarfafa don wanga aiki, ya fi shi sauƙin kuɗi. Shawarata a nan gajeruwa ce. Motar da ta zo da AGM a mayar mata da AGM, in ka sa mata na gama-gari ba ya daɗewa. Wadda ba ta zo da shi ba, tsohuwar Hilux ko J5, kada ka wahalar da aljihunka.

Sa'an nan ga baturan sola, dogayen nan masu nauyi da kuma masu kauri kamar kamu a ciki da ake kira jel. Tun da sola ta yawaita a garuruwanmu na ga masu ɗaukar na sola su sa a mota, na kuma ga masu cire na mota su kai shagon cajin waya. Duka biyu hasara ce. Na mota farantansa sirara ne masu yawa, don ya yi amai da wuta a daƙiƙa uku ya huta, kamar dokin sukuwa. Na sola farantansa masu kauri ne, ya yi ta bayarwa kaɗan-kaɗan dare guda, kamar raƙumin fatake. In ka sa doki fatauci ba ya kai wata nawa, in ka sa raƙumi sukuwa ka sha kunya. Mai motar da ya san 'yan lodi ba za su bar cajin waya ba, gara ya saya musu ɗan ƙaramin na sola dabam, ya fi masa arha.

Na litiyam kuwa, irin dangin na cikin waya, ba nauyi, ga daɗewa, amma kuɗinsa ba na motar haya ba ne, ban kuwa ga dalilin sa shi a Kanta ba. Inda ya yi rana shi ne 'yar na'urar nan kamar bulo ƙarami mai igiya biyu, wadda ake cajinta a ajiye, in batir ya yi sanyi a maƙala a tada mota. Direban da ke bin daji, musamman mai otomatik, ya kamata ya mallake ta, don otomatik ba a tura ta ta tashi. Ko mai giyar hannu ma, in mai injekta ce kuma batir ya mutu ƙurmus, turi bai cika yi ba, tun da famfon mai da ƙwaƙwalwa sai da wuta suke farkawa. A dai kula kada a bar na'urar a gaban gilashi cikin rana.

Yanzu sai lambobi, inda ake yi wa mutane rufa-ido. Lambar da muka fi sani ita ce am, 45, 62, 75, 100, har 200 na manyan motoci, wasu kuma da harafi ake rubutawa, N70, N100, N150. Wagga lamba girman randa ce, watau yawan abin da batir ke riƙewa. Akwai ta biyu, CCA, ita ce faɗin bakin randar, yawan wutar da zai iya zubowa a lokaci guda. Turawa na auna ta ne cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, na daƙiƙa 30, don su sanyi ke hana motarsu tashi. Mu nan ko hunturu ya kai inda ya kai ruwa ba ya daskarewa a randa. Saboda haka kada a ƙara maka kuɗi don CCA mai yawan gaske, in dai ta kai abin da injinka ke bukata ta isa, sai fa mai injin gas, shi kam ya dube ta da kyau. Mu abin da ke kashe mana batir zafi ne. Masana sun ƙiyasta duk ƙarin digiri 10 ko kusa da haka bisa digiri 25 na iya raba kwanan batirin dalma biyu. Bazara ce ke cinye shi a ɓoye, sanyin asubar hunturu ya zo ya tona, sai mu ɗora wa hunturu laifi.

Ƙara girma kaɗan bisa abin da mota ta zo da shi ba ya ɓata komai in mazaunin ya ɗauka. Amma ƙaton batir a ƙaramar mota mai gajeruwar tafiya bai cika cika ba, batirin da ke zama rabi-rabi kuwa wani farin gishiri ke kama farantansa ya taurare. Ga shi kuma ba ya zama daidai, sai a ɗaure shi da tsumma ko robar tsohon tib, ya yi ta tsalle a gargada har farantai su zube. Ƙarfen ɗaure batir ba shi da tsada, amma sau nawa ka buɗe bonet ka gan shi? A kuma duba ɓangaren da kan ƙari yake, dama ko hagu, da kaurin kawunan, don na wasu motocin Japan sirara ne. Wanda ya juya kai ya haɗa baibai, ko na ƙiftawar ido ne, altaneto ya tafi.

Masu roka da tirela da sauran masu bolt 24, naku biyu ne a jere, kuma kamar shanun huɗa suke, sai girma ɗaya, shekara ɗaya. In ɗaya ya mutu kunka canja shi kaɗai, tsohon zai ja sabon ƙasa. Haka jan waya daga guda ɗaya don rediyo ko caji, shi ke sa ɗaya ya yi ta yunwa ɗayan ya yi ta ƙonewa. 'Yan kabu-kabu masu Boxer da ire-irenta, naku ƙarami ne kuma akwai kik na ƙafa, sai dai ku sani ƙarin fitilu da ƙaho da rediyo da kuke ɗorawa sun fi ƙarfin cajin babur.

Akwai wata al'ada da nike roƙon a bari. Mota na aiki sai a cire kan batir wai a gani ko caji na yi, ko a tada ta da batirin aro a zare shi tana aiki a mayar da matacce. A zamanin 404 mai kafireta an sha yi an kwana lafiya. A motar yau kuwa batir shi ke shanye hawa da saukar wuta, in ka zare shi wutar ta yi tsalle ta bugi ƙwaƙwalwa, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba ne. Haka gwada batir da gutsuren waya don a ga tartsatsi. Batir na fitar da iska mai kama wuta, an sha ganin ya fashe ya watsa wa mutum asid a ido. Mita ta zo, ba ta da tsada, kowane rewaya na da ita.

Da mitar nan ce za ka yi ciniki. Kafin ka biya, a ɗora ta a gabanka. Cikakken batir da ya huta na nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ka ga 12.4 ya fara zama, a cika shi tukuna. In ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi, sabon batir kuwa da ke nuna haka ya daɗe a shago, bar musu kayansu. Bayan an ɗaura, sa'ad da ake murza makulli kada ta faɗi ƙasa da 9.6. In inji ya tashi ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa. Ƙasa da haka altaneto ba ya ciyar da shi, in ta doshi 15 dafa shi yake, ko wane iri ka saya kuwa ba ya kai labari sai an gyara cajin. Ka nemi a nuna maka lambar watan da anka yi shi, wanda ya haura wata shida a nemi wani. Sa'an nan ka ɗaga shi da hannunka. Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, ita ce kuwa kuɗin. Mai am 60 na gaskiya na kai kilo 15 ko kusa, mai 200 ya haura kilo 50. In batura biyu lambarsu ɗaya amma guda ya fi sauƙin ɗauka ainun, takarda ce kawai anka manna masa. A karɓi rasit da kwanan wata, a kuma ji wata nawa mai shago ya ɗauki alhaki.

Su kuma na hannu, 'yan Kwatano da waɗanda anka wanke anka sake wa ruwa anka goge, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lissafin dillali za ka yi, ba kuɗin yau za ka duba ba, kuɗin wata. A ce sabo Naira 100 ne ya yi wata 20, ka ga Naira 5 ke nan duk wata. Na hannu a ce 50 ne ya yi wata 5, ya zama Naira 10, ban da ranar kasuwar da zai sa ka rasa. Don motar da ba ta fita gari ana iya lallaɓawa da shi. Don wadda za ta bi Gatawa ko ta nufi Shinkafi ran Alhamis da kayan mutane da rayukan mutane, ni dai ba na ba da shawara.

Mataccen batir shi ma haja ne, kada a bar shi a bayan ɗaki. Masu shago na karɓa su rage maka kuɗin sabo, 'yan gwangwan kuma na saye, su tara a kai Kudu inda ake narka dalmar, irin garin Ogijo na Jihar Ogun, inda a 2025 hukuma ta rufe wasu masana'antun saboda gubar da ta addabi mutanen garin. Ka sayar da shi da nauyi, a kan sikeli, kuma a rufe yadda yake. Kada a fasa shi a gida, kada a tuttular da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo, kada a ba yara kwankon su yi wasa, kada mata su mai da shi mazubin ruwan kaji. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 sunka rasu. Tasu daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin batir.

In za a cire shi, a fara kwance kan ragi, wanda ke haɗe da jikin mota, in za a mayar shi ne na ƙarshe. Farin garin nan da ke taruwa a kawuna shi kaɗai na iya hana mota tashi alhali batir lafiya lau. A wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a kula kada ya shiga ciki, a goge, a ɗaure tamau, a shafa giris. Mai Kantar nan tamu dai ya koma mai murfi shida, ya sayi ƙarfen ɗauri, duba ruwa kuma ya zama aikin yaron mota duk ran Juma'a kafin a tafi masallaci.